Bashin Zarce A Bankunan Birtaniya Da Haƙƙin Wanda Yake Cikin Ƙunci



Ya ɗan'uwana saurayi Musulmi, wannan darasi ya shafi 'yan'uwanmu mazauna ƙasar Birtaniya ne, waɗanda neman ilmi ko neman abinci ya kai su Landan ko Manchesta ko Bamingham, da waɗanda aka haifa a can. Dokokin da za a ambata duka na can ne, saboda haka kada wani ya ɗauke su ya nufi wani banki a Kano ko Maraɗi ya ce sai an biya shi. Amma wanda yake gida ma ya karanta, domin ba a rasa ƙane ko aboki a can wanda bashin banki ya shaƙe masa wuya, yana jin kunyar faɗa.

Ka sani, akwai wani irin bashi da ma'aikatan banki suke kira obadiraf, mu kuwa a nan za mu kira shi bashin zarce. Watau mutum ya ciri kuɗi daga asusunsa fiye da abin da yake ciki, banki ya cika masa, sa'an nan ya bi shi bashin abin da ya cika tare da ƙari. Iri biyu ne. Akwai wanda aka yi yarjejeniya a kansa tun farko, aka ce kana iya zarcewa har fam kaza. Akwai kuma wanda mutum yake faɗawa ciki ba tare da yarjejeniya ba, misali kamfanin wuta ya zo cirar kuɗinsa ranar da asusu ya ƙafe. Wannan na biyun shi ne ya fi cin talakawa.

Dubi yadda abin yake tafiya a da. A tsakiyar shekarun 2000, bankunan Birtaniya suna cajin fam 30 ko fiye da haka a kan kowane biyan kuɗi guda da ya zarce, ko sun biya ko sun mayar. A ce saurayi ya rasa aiki, yana rayuwa da tallafin gwamnati, fam 5 ne ya rage masa, sai kuɗin waya fam 20 ya zo. Banki ya caje shi fam 30. Kashegari kuɗin ruwa ya zo, wani fam 30. Ranar da tallafi ya shigo, kafin ya sayi ko da burodi, banki ya riga ya ɗebe fam 60 nasa. Abin da ya rage ba zai kai shi ƙarshen wata ba, sai ya sake zarcewa, a sake cajinsa. Ka ga caji ne yake haifar caji, mutum kuwa bai ƙara cin ko loma ɗaya ba.

Kada ka zaci ƙaramin ciniki ne. Hukumar kula da adalcin kasuwanci ta wancan lokaci, wadda ake kira OFT, ta ƙirga cewa a shekarar 2006 kaɗai bankuna sun sami fam biliyan 2.6 daga irin wannan caji. Bayan shekaru goma, hukumar sa ido kan harkokin kuɗi, watau FCA, ta gano cewa a 2016 fiye da rabin kuɗin da bankuna suka tara daga zarcen da babu yarjejeniya ya fito ne daga aljihun kashi 1.5 cikin ɗari na masu asusu, kuma mazauna unguwannin talakawa su ne suka fi shan wannan wahala. Har ta ce wani lokaci tsadarsa takan ninka ta masu ba da rancen kwana kaɗan fiye da sau goma. A Birtaniya mai kuɗi a asusu ba ya biyan komai don a riƙe masa asusun. To wa yake biya masa? Wancan saurayin mai fam 5.

Ƙofar da aka rufe

A watan Afrilun 2006 hukumar OFT ta ce duk cajin jinkiri a katin bashi da ya wuce fam 12 za ta ɗauke shi a matsayin rashin adalci. Jin haka sai mutane suka farka, suka ce to cajin zarce fa? Dubban ɗaruruwa suka rubuta wa bankunansu, wasu suka shiga ƙananan kotuna, bankuna kuma suka riƙa biya don kada alƙali ya yanke hukunci a kansu. A watan Yulin 2007 aka yarda a kai magana ɗaya gaban babbar kotu, OFT a gefe guda, bankuna bakwai da ƙungiyar lamunin gidaje ta Nationwide a ɗaya gefen. Aka dakatar da koke-koken jama'a har a gama, in ban da na waɗanda suke cikin ƙunci. Ka riƙe wannan togaciya, za mu komo kanta.

Babbar kotu ta ba OFT gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a farkon 2009. Amma ranar 25 ga Nuwamba 2009 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, ta ba bankuna nasara. Hujjarta ita ce wannan caji wani yanki ne na farashin da mai asusu yake biya a kan dukan hidimar banki, dokar kare masu saye ta 1999 kuwa ba ta ba hukuma ikon auna tsadar farashi ba. Kotun ba ta ce cajin adalci ne ba, cewa ta yi wannan doka ba ta isa ta taɓa shi ta wannan fuska ba. A watan Disamba OFT ta janye. Tun daga ranar, wanda ya rubuta wa banki yana cewa fam 30 ta yi yawa a kan takarda ɗaya, amsar da zai samu a shirye take.

Akwai wata hujja kuma da har yanzu take yawo a bakin mutane, ya kamata ka san rauninta kada ka ɓata lokacinka. Sashe na 187 na dokar gudanar da tallafin jama'a ta 1992 ya hana a jinginar da kuɗin tallafi ko a miƙa haƙƙinsa ga wani. Kalmar Turanci da aka yi amfani da ita a wurin tana da ma'ana biyu, jingina da kuma caji, sai wasu suka fassara ta da cewa haramun ne banki ya caji mai karɓar tallafi. Ma'anar farko doka take nufi. Da zarar tallafi ya shiga asusu ya zama kuɗi kamar kowane kuɗi, bankuna kuma ba su karɓar wannan hujja. Wannan ya yi kama da wanda ya tsinci lafazi ɗaya a littafin fiƙihu ya gina fatawa a kansa bai tambayi malamai ba.

Daga 6 ga Afrilun 2020 FCA ta sauya tsarin gaba ɗaya. Ta hana cajin kullum ko na wata-wata a kan zarce, ta hana a tsawwala wa zarcen da babu yarjejeniya fiye da mai yarjejeniya, ta ce a mayar da komai kuɗin ruwa guda na shekara, kuma cajin mayar da biya kada ya wuce abin da aikin ya ci wa banki. Wannan ya rage zalunci ƙwarai. Sai dai manyan bankuna da yawa sun tsayar da ruwansu wajen kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya zauna cikin zarcen fam 500 shekara guda zai biya kusan fam 200, watau wajen fam 17 kowane wata, bashin kuma yana nan bai motsa ba.

Ƙofar da take buɗe

To, mu koma kan togaciyar nan. Hukuncin 2009 bai shafe wajibin da yake kan banki game da wanda yake cikin ƙunci ba. Ƙa'idojin FCA sun wajabta wa mai ba da bashi ya sassauta wa wanda ya kasa biya, kuma cikin hanyoyin sassauci da aka ambata akwai dakatar da ruwa da caji, ko rage su, ko yafe su. Daga Disamban 2019 an ƙara wajabta wa bankuna su riƙa lura da masu yawan zama cikin zarce, idan sun ga alamar matsi su tuntuɓe su. Saboda haka tambayar da za ka yi wa banki ta sauya. Za ka ce: kun gani a littafinku ina nutsewa, me kuka yi?

Mu Musulmi wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umurci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda yake cikin tsanani har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ya fi alheri. Abin da aka saukar ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, masu doka a Landan sun zo sun rubuta wani yanki nasa bayan sun ga ɓarnar rashinsa. Tun da sun rubuta, sai ka yi amfani da shi.

Wane ne mai ƙunci a wurinsu? Shi ne wanda abin da yake samu ba ya isarsa biyan haya da abinci da wuta da harajin ƙaramar hukuma tare da basussukansa. Alamominsa suna cikin takardun asusu: wata da watanni asusu bai taɓa fita daga zarce ba, ko albashi ya tsaya tallafi ya maye gurbinsa, ko ana ta mayar da biyan kuɗi, ko mutum yana cin sabon bashi don ya biya tsoho. Karɓar tallafi irin su Universal Credit hujja ce mai ƙarfi, musamman da yake sabon mai nema yakan jira kamar mako biyar kafin kuɗin farko ya zo, kuma cikin waɗannan makonni ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Amma tallafi ba sharaɗi ba ne. Ɗalibin da ya shiga ƙasar da bizar karatu, wadda ta hana shi cin kuɗin gwamnati, shi ma yana da ikon kai kukansa idan ƙunci ya same shi.

Farkon aiki shi ne tara takardu. Ka nemi bayanin asusunka na shekaru shida. Idan ba ya samuwa a manhajar banki, ka rubuta ka nemi bayanan da suke riƙe da su a kanka. Tun watan Mayun 2018 wannan kyauta ne, da fam 10 ake biya, kuma wa'adin amsa wata guda ne. Ka zauna da biro ka fitar da kowane caji da kowane ruwa, da ranarsa. Sa'an nan ka rubuta abin da yake shigo maka a wata da abin da yake fita. Samari da yawa a nan suke karaya, don ba su son ganin jimlar. Haba ɗan'uwa! Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda addininsa ya koya masa haka bai kamata ya ji tsoron buɗe ambulan ba.

Bayan haka ka rubuta wa sashen koke na bankin, ka faɗa a fili cewa wannan koke ne. Ka bayyana ranar da halinka ya sauya da dalili, ko rasa aiki, ko rashin lafiya, ko mutuwar wanda yake ɗauke da gida. Ka nuna yadda cajin ya hana ka biyan haya ko sayen abinci. Idan ka taɓa gaya musu a waya ko a reshe ba su yi komai ba, ka ambata. Sa'an nan ka nemi abubuwa uku: a mayar maka da abin da aka cire tun daga lokacin da ya kamata su lura, a tsayar da ruwa daga yanzu, a kuma tsara maka biyan da za ka iya. Ka ajiye kwafin komai. Ba a bukatar lauya ko Turanci mai nauyi. Akwai kamfanonin da za su ce su yi maka aikin su yanki kasonsu, ka rabu da su, domin Citizens Advice da StepChange da National Debtline suna taimakawa kyauta.

Banki yana da mako takwas ya ba ka amsa ta ƙarshe. Idan ya ƙi, ko ya ba ka ɗan abin da suke kira kyautatawa wanda bai kai ba, ko ya yi shiru, sai ka wuce wurin mai sasanci, watau Financial Ombudsman Service. Kyauta ne, kuma idan ya yanke hukunci ka yarda, dole banki ya bi. Amma ka kula da lokaci. Wata shida kake da shi daga ranar amsar ƙarshe. Kuma a ƙa'ida ba ya duba abin da ya wuce shekara shida, sai dai idan ba a cika shekara uku ba daga sa'ad da ka sani, ko ya kamata ka sani, cewa kana da abin kuka. Wanda aka caje shi a 2019, shidarsa ta cika a 2025. Kowane wata ka jinkirta, wani caji yana fita daga hannunka.

Amma fa kada a yaudare ka, ba kowa yake samu ba. Wani a mayar masa da duka, wani na 'yan watanni, wani a ce banki ya yi abin da ya kamata. Kuma sau da yawa kuɗin ba ya zuwa hannu, ana rage bashin da shi ne. Haka nan bashin zarce irin wanda banki yake da ikon nema a kowane lokaci ne, yana iya rage shi ko janye shi. Yana kuma da ikon ɗiban kuɗi daga wani asusunka da yake wurinsa don ya biya kansa, ko da yake ƙa'ida ta ce ya bar maka na bukatun dole. Saboda haka mai hankali, kafin ya aika takarda, yakan buɗe asusu mai sauƙi a wani banki dabam wanda ba shi da alaƙa da na farko, ya karkatar da tallafinsa ko albashinsa can. Tun 2016 manyan bankuna suna ba da irin wannan asusu ba tare da caji ba, kuma babu zarce a cikinsa. A ganina wannan asusu ya fi kowane dacewa da saurayi Musulmi ko da ba ya cikin matsi, domin ƙofar riba a toshe take a cikinsa. Wanda kuma masu bashi suka yi masa rubdugu, a Ingila da Wels akwai tsarin numfasawa da aka fara ranar 4 ga Mayun 2021, ana tsayar masa da ruwa da caji da matsin masu bi har kwana 60. Ta hannun mai ba da shawara kan bashi ake shiga. Sikotilan tana da nata tsarin dabam.

Abin da Shari'a take nema daga gare ka

Wani zai ce: ai ni na sa hannu, na shiga riba da ƙafata, da wane baki zan nemi a mayar mini? Gaskiya ne laifin riba bai tsaya kan mai karɓa ba. Hadisi ingantacce a Sahihu Muslim ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu. Wanda ya ci wannan bashi don sabuwar waya ko tufafin gayu, ba don lalura ba, tuba ta wajaba a kansa. Amma tuba ba ta ce ka bar dukiyarka a hannun mai cin riba ba. Aya ta 279 a Baƙara ta tsayar da mai ba da bashi a kan asalin kuɗinsa. Duk abin da ya ɗora a sama ba haƙƙinsa ba ne, naka ne, karɓo shi ta hanyar doka halal ne, kuma kowace fam da ka karɓo ka rage ribar da ka bayar ke nan.

Ita wannan aya kuwa kaifi biyu gare ta. Asalin kuɗin da ka ci, wanda ka sayi abinci ko ka biya haya da shi, bashi ne a wuyanka, sai ka biya, ko da mai shi ba Musulmi ba ne, ko da kamfani ne. Masu cewa dukiyar banki ganima ce, a ci a gudu gida, ba su da hujja, kuma suna ɓata sunan sauran 'yan'uwa. Haka nan ƙarya a cikin takardar koke haramun ce. Kada ka ɓoye aikin da kake yi a gefe, kada ka ƙirƙiri ciwon da ba ka da shi, kada ka kira kanka mai ƙunci alhali kana da ajiya a wani wuri. Idan takardunka sun nuna caca, kada ka yi musu, suna gani. Ka tuba ka faɗi gaskiya, domin bankin da ya ga mutum yana zuba bashi a caca ya ci gaba da ƙara masa, shi ma akwai tambaya a kansa.

Kada kuma girman kai ya hana ka zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya danne cikin mutane takwas masu haƙƙi. A Birtaniya akwai National Zakat Foundation, wadda aka kafa a 2011 don raba zakka ga mabukatan cikin ƙasar, ban da asusun masallatai. Mawadatanmu da suke aika dukan zakkarsu gida su tuna cewa wani lokaci mabukacin yana sahu ɗaya da su ranar Juma'a, sanye da riga mai tsabta.

Saura mas'ala ɗaya mai ɗan sarƙaƙiya. Idan mutum ya riga ya biya bashinsa duka, aka yanke a mayar masa da kuɗi a hannu, akan ɗora masa wani ƙari saboda lokacin da kuɗin suka yi ba su wurinsa. A da, shekaru da yawa, mai sasanci ya riƙa lissafa wannan ƙari a kan kashi 8 cikin ɗari a shekara. Takardar da za a aiko maka takan raba su gida biyu, abin da aka mayar da kuma ƙarin. Na farko naka ne babu shakka. Na biyun, da yake da sunan ruwa aka lissafa shi a kan kuɗi da tsawon lokaci, abin da ya fi tsare addini shi ne a bi da shi yadda malamai da yawa suka ce a bi da ruwan banki: kada ka bar wa bankin, ka karɓa ka ba matalauta ko ka sa a aikin amfanin jama'a, ba da niyyar ladan sadaka ba. Idan kuwa kai kanka matalaucin ne, ba ka da na haya, wasu malamai sun yi sauƙi ka ɗauki gwargwadon bukatarka daga ciki. Ka kai takardar wurin malamin da ya san halinka ya duba adadin tare da kai. Allah ne Mafi sani.